Ranar da Inna Ta Mayar da 'Yan Tsaki Cikin Ƙwai

Ranaku da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda ko abin da na ci a cikinsu ba zan iya tunawa ba, amma akwai wata Laraba a gidanmu na haya a Gyadi-Gyadi da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da mahaifiyata ta karanta wa 'yata littafi daga ƙarshe zuwa farko.

Lokacin yarinyar tana da shekara huɗu. Kafin ta kwanta ciwo bakinta ba ya hutawa, har roƙonta nake ta yi shiru in ji da kaina. Sai sanƙarau ya kama ta. Muka yi sati uku a asibitin koyarwa inda nake aikin jinya, Allah ya tashi kafaɗunta aka sallame mu. Tana ci, tana sha, tana tafiya, amma magana ta ɗauke ɗif. Likitoci suka gwada kunnenta suka ce tana ji sarai, a dai yi ta yi mata hira, a ba ta lokaci. Wata biyu suka wuce ko "Mama" ban ji ba. Ni da nake lallashin iyayen wasu a wurin aiki, sai ga ni ina shiga banɗaki in yi kukana in wanke fuska. Tsoro nake ji ƙwarai kada ta tashi a haka har abada.

Maƙwabciyarmu a gidan, wata Kirista 'yar kudu da muke kira Madam, malama ce a wata makarantar ƙananan yara a Tarauni. Ita ta kawo mini littafin. Mai faɗi ne, takardarsa mai kauri, hotuna sun cika shafi, rubutun Turanci layi ɗaya tak a ƙasan kowane hoto. Labarin wata jar kaza ce: tana yawo ita kaɗai, ta yi ƙwai biyar, ta kwanta a kansu, ƙwan suka fashe, a ƙarshe ga ta tafe 'yan tsaki na bin ta a baya. Madam ta ce, "Sista, ki riƙa karanta mata kullum. Yara suna son wannan."

Ni kuwa na ɗauki littafin nan kamar maganin da likita ya rubuta, safe da rana da yamma, ba fashi. In zaunar da ita, in fassara mata labarin da Hausa, sannan in dangwala yatsa a kan hoto in ce, "Mene ne wannan? Ce kaza. Ce kaza mana." Sai ta zuba mini ido kawai. Ina da saurin fushi, ban taɓa musun wannan ba. Wata rana har jifa na yi da littafin ya bugi bango. Babanta ya ce in bi ta a hankali, na ce masa in ya fi ni iyawa ga fili nan. Yanzu in na tuna kunya nake ji.

Da hutuna ya ƙare na koma aiki, Inna ce take hawo adaidaita sahu daga Darmanawa kowace safiya ta zauna da ita. Inna ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, matan layinsu ma wurinta suke ɗaukar karatu. Na ce mata, "Inna, littafin nan ki bar shi a kan durowa, ni zan karanta mata in na dawo." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To, 'yar boko."

Ranar Larabar na dawo daga aikin safe gab da la'asar, a gajiye tiɓis. Babu wuta, zafi ya koro kowa tsakar gida. Madam na bakin ƙofarta tana tsince wake. Ina shigowa na hango Inna a kan tabarma, ta ɗora jikarta a cinya, ga littafin da na hana a hannunta. Ta gyara tabarau, ta yi bismilla, ta buɗe shi ta dama yadda take buɗe duk littafin da ta sani a duniya. Shafin ƙarshe ya zama na farko.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji Inna. Ta ɗan jira, ba a amsa ba, sai ta amsa wa kanta da 'yar siririyar murya, "Ta zo mu ji ta." Ta nuna hoton ta ce, "Wata kaza ce da 'ya'yanta biyar, marasa jin magana, duk inda ta sa ƙafa suna biye da ita." Ta juya shafi, ga 'yan tsaki rabin jikinsu a cikin ɓawo. Inna ko gezau. "Da suka ishe ta, sai ta ce kowa ya koma inda ya fito. Kin gan su nan suna shiga."

Raina ya ɓaci. Wata guda ina gina labarin nan a kan yarinya, ga shi ana rushe mini shi a zama ɗaya. Na ajiye jaka na nufe su, na buɗe baki ke nan sai Madam ta riƙe mini hannu. Ta ce a hankali, "Sista, tsaya. Dubi fuskar yarinya."

Na duba. Ta haɗe rai, ta turo baki, tana kallon littafin tana kallon kakarta. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ciwo. Inna ta sake juya shafi ta ce, "Da suka shige, sai ta liƙe ƙwan tsaf, ta hau kai ta zauna don kada su ƙara fitowa."

Yarinyar ta ɗora tafin hannunta a kan shafin. Da wata murya a dishe, kamar ta wanda ya tashi daga barci, ta ce, "A'a."

Na zauna a kan bokitin da ke kife a wurin. Inna kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "A'a me, ƙawata?"

"Fitowa suke yi."

"Shiga dai. Ga shi ina gani da idona."

Sai yarinyar ta fizge littafin, ta juya shi, ta buɗe ta hagu ta ce, "Nan ne farko." Inna ta ce, "Ikon Allah. Ni da na sauke tun ba a haifi uwarki ba, ke za ki koya wa buɗe littafi?" Yarinya ba ta kula ta ba. Ta shiga ba da labarin, kalma na fita da ƙyar, tana tsayawa tana haɗiyar yawu, amma duk yadda nake faɗa mata ne, babu abin da ta zubar. Ashe duk watan nan tana ji, tana ajiyewa. Da ta zo kan hoton kazar, sai ta dangwala yatsa, ta ɗaure fuska ta dubi kakarta ta ce, "Ce kaza. Ce kaza mana."

Madam ta tuntsire da dariya har wake ya zube. Ni kuka nake yi, na farin ciki da na kunya a haɗe, don muryata ce na ji sak a bakin 'yata, kuma ba ta yi mini daɗin ji ba. Inna ta ce, "Kaza, ranki ya daɗe."

Bayan sallar la'asar na tambayi Inna ko da gangan ta yi. Ta ce, "Wane irin gangan? Littafi ai ta dama ake buɗe shi, su ne suka buga abinsu a juye." Can kuma ta ƙara da cewa, "Da na ga 'yan tsaki na komawa ƙwai na san akwai gyara. Amma na ji jikinta ya motsa a cinyata, sai na ce bari in ci gaba da ɓarnar."

Maganar ba ta dawo gaba ɗaya a ranar ba, an ɗauki watanni. Amma na daina tambayar "mene ne wannan". Na koma ina ɓata labari da gangan, in ce kaza ta haifi akuya, ita kuma ta tashi tsaye ta gyara mini. Ranar da Inna ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" yarinyar ta riga ta amsawa, tuwon shinkafa na yi na raba wa gidan gaba ɗaya. Yanzu tana sakandare, gardama kuwa sai dai a bar mata. Littafin yana nan a akwatina, duk ya sha faci.

Abin da na koya shi ne, littafin hotuna ba jarrabawa ba ne, hira ce, kuma mai hira dole ya bar wa ɗan'uwansa wurin sa baki. Ni da na iya karatu na cika wurin da daidai har ban bar wa 'yata abin cewa ba. Inna da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ita ta yi kuskuren da ya sa yarinyar ta ga ana bukatar bakinta.