Mai Toka, Wadda Ta Ƙi Cike Gurbi

Kafin kowa ya iso ofishin kula da ruwan ƙasa, ita ta riga ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur, ta goge allon kwamfuta da gefen mayafi, ta bar shayinta yana hucewa. Sai ta buɗe awon da na'urorin cikin rijiyoyi suka aiko, ta zuba shi a manhajar da ke mayar da lambobi hoto mai motsi. Taswirar unguwanni ce, da ɗan layi a ƙasanta. In ka ja layin, kwanaki su wuce a gabanka. Shuɗi ruwa ne mai kyau, ja kuwa guba. Wannan aikin ta yi har furfura ta fito mata, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Mu mutane ne masu jiran mutum ya mutu kafin mu gano kirkinsa. Ni dai ba zan jira ba.

Abokan aikinta na kiranta Mai Toka. Dalili shi ne, na'ura takan mutu a cikin rijiya, awo ya yanke. Manhajar na da maɓallin da ke cike irin wannan gurbi, ta leƙa rijiyoyin maƙwabta ta ƙiyasta, hoto ya tafi sumul. Ita ba ta taɓa shi. Duk inda ba a auna ba, launin toka take sa masa, ko da hoton zai yi muni a ɗakin taro.

Bara tankin wata masana'anta ya fashe, guba ta sauka ƙasa, aka sa wa rijiyoyin unguwa kwaɗo. Cikinsu har da ta Baba Mai Lambu, yayan marigayiya matata, wanda bai san wata sana'a ba bayan ban ruwa. Kwamiti zai zauna ya kalli hoton: mai shuɗi a buɗe ta, mai ja a cike ta da siminti. Na'urar rijiyar Baba kuwa ta mutu tun farkon damina. Rijiyarsa ɗigon toka ce a allo.

Baba ya same ta a ofis, hularsa a hannu, laka a ƙafarsa.

"'Yar nan, an ce ke ce mai fenti. To ki shafa wa tawa shuɗi mana."

"Baba, ban san abin da ke cikinta ba."

"Ni na sani. Tun ba a haife ki ba nake shan ta."

"Lokacin tanki bai fashe ba."

"An ce injin naki ya iya duba. Ki danna masa ya faɗa!"

"Ya iya ƙiyasi, Baba. Ni ce ban yarda da shi ba."

Baba ya dubi mai gyaran na'urori da ke zaune a gefe. "Kai, ɗan'uwa, haka take da mijinta ma?"

"Ai shi ya daɗe da sallamawa," in ji mai gyara.

Ba ta yi dariya ba. Ta ga yadda yatsun tsohon ke murza hula, ta san tumatirinsa na bushewa. Ya fita bai yi mata sallama ba.

Ranar zama ta ja layin a hankali. Ja ya bazu, ya yi duhu, ya soma koɗewa ta gefe. Shugaban kwamiti ya nuna ɗigon toka, ya ce wannan fa? Ta ce ba a auna ba, a tura a ɗebo. Ya duba agogo, ya nisa, ya amince. Aka zura guga, aka kai ɗakin gwaji, aka sake ɗebowa aka sake gwadawa. Ruwan tas. Ashe rijiyar Baba ta fi na maƙwabta zurfi, daga wani idon ruwa daban take sha.

Daga baya mai gyara ya danna maɓallin nan a kwafin hoton, don ya gani. Rijiyoyin maƙwabtan Baba duk ja ne, sai manhajar ta ari launinsu ta shafa wa tasa. Da Mai Toka ta danna maɓallin yadda Baba ya roƙa, da yanzu siminti yake yi wa ban ruwa.

Ke ce kika ƙi yi wa tsoho alherin da zai kashe shi. Ke ce mai cewa "ban sani ba" da babbar murya. Duk wanda ya taɓa zama a bakin gadon asibiti, yana sauraron masu cike masa gurbi da kalamai masu santsi, ya san tsadar wannan kalma. Mun gode, Mai Toka. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, maɓallin yana nan, kuma ba wanda zai kama ku in kun danna. Ku bar toka a inda take.

Ranar da aka cire kwaɗon, Baba ya zo ofis da jarka. Ya cika kofin shayinta, ya fara kurɓa, ya miƙa mata.

"Sha, mai taurin kai," ya ce. "Wannan an auna."