Reshen da na tuge a hanyar daji

Jama'a, yau na kusa karya ƙanen mijina, kuma bai sani ba!

Jiya mazan garinmu sunka yi gayyar gyaran hanyar dajin Kajiji. Rami guda ya rage, anka kafa busasshen reshe ciki don masu babur su kauce. Ni da ba fita nake ba, ina na sani? Na je kirare, na tuge abina.

Da la'asar sai ga Bello ƙanen mijina an riƙo shi, babur ɗinshi ya faɗa ramin, gwiwa kumbure, albasar da ya ɗauko duk ta watse. Na kawo mishi tuwo. Yana ci yana cewa, "Wanda ya cire reshen nan ban yafe ba. Matarmu, ƙaro miya, ke kaɗai ke tausayina."

Da reshen nan na dafa tuwon. Har yanzu na kasa buɗe baki.