Bangon da Aka Ba Mai Fenti

Ƙanin matata ne, amma kowa Mai Fenti yake ce masa, har ita yayar tasa. Fentin mota ya yi duk rayuwarsa. A wurinsa, aikin da bai yi sheƙi ba ba a gama shi ba. Sai ya ga haƙoransa a ƙofar mota sannan yake kiran mai ita.

Da ciwon ƙirji ya matsa masa, likita ya raba shi da fenti, zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya gyara kujerar da ba ta karkace ba. 'Yarsa, wadda take ɗinki, ta ba shi waya ko ya samu abin yi. Sai ya koma bayan gareji, inda ake jibge matattun motoci, yana durƙusawa yana ɗaukar hoto. Ba motar yake ɗauka ba. Dab da ƙarfe yake kai wayar, inda fenti ya ɓare, tsatsa ta ci shuɗi, ja ya leƙo daga ƙasa. In ya nuna maka, ba abin da za ka kira da suna, launi ne kawai yana cin launi.

"Wannan hanta ce ko taswira?" in ji yayarsa.

"Ke dai kalla."

"Na kalla. Ka tabbata ƙirjin ne kaɗai ya taɓu?"

Da 'yar tasa ta kama sabon shago, ta ba shi bangon da ke kallon ƙofa, amma ba ta ɓoye masa ba. "Baba, wurin kantar yadi ne. In hotunan ba su tsayar da kowa ba, kafinta zan kira."

Ya ja ni muka je wurin mai buga hoto. Mutumin ya shimfiɗa mana takarda iri biyu, mai sheƙi da mara sheƙi.

"Baba, ina za a rataye su?" in ji mutumin. "Haske na bugun wurin?"

"A bango mana. Ni za a koya wa sheƙi? Buga a wannan, ka sa gilashi."

Ranar da aka rataye, bai iya shiga shagon ba. A tsallaken titi muka tsaya, yana sauya ƙafa. Mace ta shiga, ta tsaya gaban hoton tsakiya, ta daɗe. Wata ma haka. Ya dinga zungurina da gwiwar hannu. "Yaya, ka gani?"

Muka matsa kusa. Ɗankwali take gyarawa. Hasken ƙofa ya faɗa kan gilashi da takardar, hoton ya zama madubi. Ta juya ta ce wa 'yarsa, "Madubin nan naki yana son guga, duk ya yi dabbare-dabbare."

Daga nan bai ƙara barin shagon ya huta ba. Ya ɗaga hotunan sama, ya sauke su, ya cire gilashin, ya tura ƙofa har 'yar ta ce ba ta ganin allura. Ya ɗauko samfefa mai laushi da ruwa, yadda yake kashe sheƙin mota kafin ya ƙara shafi, ya goga wa ɗaya. Launin ya biyo hannunsa, takarda ta fito fara.

"Baba, na yi wa kafinta magana," in ji ta, ba ta ɗago daga keken ɗinkin ba.

Muka koma wurin mai buga hoto. Ya buga masa ɗaya a mara sheƙi. Mai Fenti ya riƙe shi nesa da jikinsa.

"Wannan ai kamar motar da aka yi wa shafin farko, mai aikin ya tafi cin abinci."

Ya ajiye, ya fita har bakin titi, ya dawo. Ya kai shi ƙofa, ya karkata shi dama da hagu. Ba fuska, ba haske, sai ɓawon fenti kamar ka sa farce ka ɓantare.

"Dama tsatsa ba ta sheƙi," ya faɗa a hankali, kamar wanda aka cinye a wasa. "Kada ka sa gilashi."

Muna rataye shi a shagon kafinta ya iso da abin awonsa. Ya nufi bangon, ya ja abin awon, ya tsaya. Ya sunkuya, ya miƙa yatsa ya kankari gefen hoton.

"Ƙarfe ne wannan ko takarda?"

"Cire hannunka," in ji Mai Fenti.

Ya cire, amma bai matsa ba. 'Yar ta tsayar da keken tana kallon ƙeyarsa. Can ta ce, "Malam, auna mini wancan bangon na gefe."

Mai Fenti bai yi godiya ba. Cewa ya yi shuɗin ya mutu ta hagu, kuma laifin rana ne, da hantsi ya kamata a ɗauka. Ya laluba aljihu, ya ji wayar na nan, ya fita ya bar ni riƙe da guduma.