Irin Kuɓewar Mai Guga

A ƙarshen layin, inda kwalta ta ƙare, akwai wani ƙaramin gida mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Matar gidan kowa Mai Guga yake ce mata, har jikokinta idan suna jin tsokana. Shekara talatin da biyu ta yi a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan bene, inda babu taga sai wata fanka mai kuka kamar tana ciwon haƙori. A bayan hannunta na dama akwai tabo uku na dutsen guga. Takan nuna su ta ce su ne takardar shaidar aikinta.

Wataƙila rashin tagar nan ne ya sa ba ta iya zama a ɗaki. Tun tana aiki, da ta dawo gida ta ajiye jaka, sai ta zagaya bayan gidan, inda take da ɗan lambu, taku tara a tsaye, shida a kwance. Tumatir a jikin katanga, barkono a tsofaffin bokitai, alayyafo a kusa da famfo. Duk rani da ruwan ɗauraya na ƙarshe take ba su, wanda sabulu ya fita daga cikinsa. Ko ɗigo ba ta yarda ya bi kwata a banza.

Amma abin da ta fi ji da shi kuɓewa ce, wata gajeriya mai kauri da ba a samun irinta a kasuwa. Mahaifiyarta ce ta ba ta 'ya'yan, cikin tafin hannu, shekarar da ta tare a gidan nan. Tun daga lokacin, duk ƙarshen rani takan zaɓi gindi biyar mafi lafiya ta hana kowa tsinka. Suna nan tsaye har ganyen ya zube, kwanson ya bushe ya yi baƙi ya fara tsagewa, sannan ta cire kafin ruwan farko ya sauka, ta shuka sabo. Shekara arba'in ba ta taɓa kuskure ba. Bana kuwa gindi biyar ɗin nan su kaɗai suka rage mata, don ragowar irin bara ƙwari sun cinye shi a cikin kwalba.

Ana saura 'yan kwanaki damina ta faɗi aka kira ta asibiti, layinta ya zo na aikin gwiwa. 'Yarta ta ce bayan aikin sai ta yi kwana goma a wurinta, babu gardama. To, wa zai shirya lambu? Hadari ya fara haɗuwa da yamma, kwata ta cushe, kunyoyi sun baje.

Sai ta aika aka kira ƙaninta, Auta. Shekararsa sittin da biyar, furfura ta cika masa kai, amma a bakinta Auta yake har gobe. Shi ma ya yi ritaya, bayan shekara talatin yana sharar titunan kasuwa da tsintsiya da baro. Mutum ne da ba ya iya ganin busasshen ganye ya wuce. Ko a gidan mutane, yana cikin gaisuwa za ka ga ya sunkuya ya tsinci ɓawon gyaɗa ya sa a aljihu.

"Ka buɗe kwata," ta ce masa daga kan gado. "Ka ɗaga kunyoyi. Duk tarkace ka zuba a ramin taki, ka yayyafa ruwa ka rufe."

"Yaya, ni za ki koya wa shara?"

"Shara ba. Lambu."

"Duk ƙasa ce. Ki je a gyara miki tayar nan ki dawo."

Ba ta ce masa komai a kan gindi biyar ɗin ba. Bai ma zo mata a rai ba. Wa zai tsaya gaya wa mutum kada ya zubar da tukunyar da ke kan wuta?

Ran da ta dawo, da sanda a hannu, 'yarta na riƙe da kafaɗarta, ko ɗaki ba ta shiga ba ta nufi lambu. Auta na tsaye ya harɗe hannu a baya yana jiran yabo. Lambun kuwa tas, kamar zanin gadon da aka goge. Kunyoyi a jere, kwata a buɗe, bokitai an wanke musu baki. Ko tsinke babu a ƙasa. Inda kuɓewarta take tsaye, an daidaita wurin har da zanen tsintsiya.

"Ina suke?" ta ce.

"Su wa?"

"Kuɓewa. Biyar, a nan."

"Matattun nan? Ai su na fara tugewa. Sun bushe ƙarau, sai ƙara suke in iska ta kaɗa. Har na ce ciwon ƙafa ya sa Yaya ta zama ƙazama."

Mai Guga ta nemi bakin famfo ta zauna. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata Auta, don ya san 'yar'uwarsa: in tana faɗa, lafiya lau ne.

"Kawu," 'yar ta ce a hankali, "irin Kaka ne. Babu wani."

Auta ya cire hula ya shafa kai. Ya dubi wurin da ya share, ya dubi tsintsiyarsa da ke jingine. Garin gyaran gira ya tsone ido.

"Da kin faɗa mini," ya ce.

"Da na faɗa."

A ranta Mai Guga ta san laifin nata ne. Shekara arba'in ba ta taɓa barin wani ya riƙe fartanya a wurin nan ba, ko marigayi mijinta iyakarsa ɗauko bokiti. Yaya za a yi mutum ya san abin da ba a taɓa nuna masa ba?

"Ka ƙone su?" ta tambaya.

"Ni? Na taɓa ƙona shara a cikin unguwa? Rami kika ce, rami na sa." Sai ya ɗago kai. "Tsaya. Su na fara tugewa, ranar Talata. Na kakkarya su. A kansu na zuba ganyen tumatir, sai ciyawar kwata, sai toka. Suna ƙasa, ta ɓangaren katanga, wajen kamu biyu."

"Kwana shida ke nan cikin ruwa, Auta. Sun ruɓe."

"Yaya, ke kin san guga. Juji kuma ni na san shi."

Ya naɗe ƙafar wando ya durƙusa a bakin ramin. Bai sa shebur ba, da hannu ya riƙa ɗagawa, hawa hawa, yana jerawa gefe yadda ya zuba su. Toka, ciyawa, ganye. Wani ɗumi ya taso daga ciki, da warin ƙasa mai rai. Can ya zaro kwanso ɗaya, ya yi laushi ya yi baƙi, ya miƙa mata. Ta buɗe da babban yatsa. Ruɓaɓɓe. Na biyu ma haka. Na uku da ta buɗe, sai ta kawo shi kusa da ido. 'Ya'yan sun kumbura, kuma kowanne ya fito da 'yar farar wutsiya kamar zaren allura. Ɗumin taki da danshi sun sa sun tsiro a cikin duhu.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Suna da rai."

"Ba na ce ba? Na ma rage miki aiki."

"Rufe mini baki, mai ɓarna. Zaro sauran a hankali, kada ka karya musu saiwa."

Goma sha tara suka samu masu rai. Amma irin da ya tsiro ba ya jiran gobe, dole a sa shi ƙasa a ranar, ga hadari ya yi baƙi a gabas. Ta yunƙura za ta durƙusa, gwiwar ta ce ba ta san zance ba. 'Yarta ta riƙe ta.

"Inna, likita ya ce wata uku."

Mai Guga ta dubi 'ya'yan da ke tafinta. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta miƙa wa ƙaninta.

Aka kawo mata kujera. Da sandarta ta riƙa nuna masa wurin kowane rami. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wutsiya ƙasa, a rufe da sauƙi, kada a danna. Auta ya yi uku daidai, a na huɗu hannunsa ya tafi da kansa ya fara daddale ƙasar.

"Auta! Ba titi ba ne!"

"Yi haƙuri, Yaya, hannun ne."

"Ke ma matso," ta ce wa 'yarta. "Tsayuwar me kike yi kamar baƙuwa? Karɓi biyar, ki ga yadda ake yi."

Suna rufe na ƙarshe aka fara yayyafi. Suka koma ƙarƙashin rumfa su uku, suna kallon ruwan yana bin kwatar da Auta ya buɗe, sumul, ko kaɗan bai taru a kan kunya ba. Ita da kanta ba ta taɓa fitar da kwatar haka ba, ta kuma faɗa masa.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, ta same shi tsugune a lambun yana ƙirga da yatsa. Goma sha huɗu sun ɗago kai, kowanne da ganye biyu.

"Allah ya yi maka albarka, Auta," ta ce.

Ya yi kamar bai ji ba, yana kakkaɓe gwiwar wando.

"Gobe ƙarfe nawa zan zo?"

"Bakwai. Ka bar tsintsiyar a gida."