Injin Numfashin Mahaifiyata da Shekarar Talatin da Takwas

Shekaru sun ɗan tura da faruwar abin nan. Lokacin ina aiki a wani sito na kayan gini a Riyad, ina zaune a unguwar Manfuha, hawa na biyu, ni da mahaifiyata. Ciwon ƙirji ne ya kawo ta. Na samo mata bizar ziyara, likita ya ɗora ta a kan wani inji mai ba da iska, ana jona shi da lantarki, siririn tiyo ya bi ta hancinta. In an cire shi na ɗan lokaci ba komai, amma in aka daɗe sai leɓenta ya fara canja launi. Shi ya sa duk sanda ta yi zancen komawa Wudil nakan ce, "Inna, da wace wutar?" Daga baya ta daina zancen gaba ɗaya, ni kuma na ɗauka ta saba.

Wata rana muna cin abinci a wajen aiki, mai kula da kwamfutocinmu, wani Basudane, yana ba direbobi labari. Ya ce akwai tsofaffin kwamfutoci da ke ƙirga lokaci daƙiƙa-daƙiƙa, kuma ƙirgar za ta kai iyakarta a shekara ta talatin da takwas, sai agogonsu ya ruɗe ya koma can baya. Wani ya tambaye shi ko har da na tashoshin lantarki. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mumkin," wato mai yiwuwa ne. Aka kira shi a waya ya tashi.

Ni kuwa injin Inna ne ya faɗo mini a rai. A lokacin, da shekarar Hijira muke lissafin kusan komai, ita ce ma a jikin iƙamata, wato katin izinin zama, kuma muna ƙarshen ta talatin da bakwai, alhazai sun fara komawa gida. Washegari na nemi Basudanen in ƙara tambayarsa, aka ce ya tafi hutu ƙasarsu.

Abin dariyar, da aka yi irin wannan ruɗani a shigowar shekara ta dubu biyu, ina saurayi a gida, mu ne masu tsokanar mutane. Muna cewa wutar da ba a kawo ba ita za a ɗauke? Amma Riyad ta shagwaɓa ni. Ko tocila ba ni da ita a ɗaki. Sai na koma in ina salla kunnena na kan ƙarar injin Inna.

Na kira abokina, mutumin Maraɗi, mai aikin wayar lantarki a gine-gine. Ya saurare ni ya ce, "Ni ban ji wanga zance ba wallahi. Amma tunda Inna ta, mu shirya. In ba a ɗauke ba, mi munka rasa?"

Ranar Juma'a bayan an sauko muka shiga kasuwar Batha. Janareta na so saya, sai abokina ya tuna mini mai gadin gininmu, wanda ko turaren wuta ya ji sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Muka sayi inbata da manyan batura biyu. Hawa da su bene kuwa, sai da na yi kwanaki ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Na ce wa Inna kayan aiki ne aka ba ni ajiya. Ta dube su, ta dube ni.

Ana gobe sabuwar shekara, bayan la'asar, abokina ya zo ya haɗa komai. Ya ce sai an gwada, don kada a zo ranar a ji kunya. Ya je ya kashe wutar gidan daga tushe. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, firji ya yi tsit. Injin Inna kaɗai ya ci gaba da gurnaninsa.

"An ɗauke wuta?" in ji ta, har da miƙewa zaune, kamar wadda ta ji muryar ɗan garinsu.

Dole na zayyana mata komai: Basudane, kwamfutoci, sabuwar shekara. Ta bar ni na gama. Ban ga alamar ko ɗaya ya dame ta ba.

"Yanzu ba wutar hukuma a gidan nan?"

"Babu, Inna."

"Kuma abin nan yana yi?"

"Ga shi kuwa kina ji."

Ta juya wajen abokina. "Ɗan nan, in baturan suka ƙare fa?"

Ya ce ai in aka haɗa musu sola, rana ce za ta riƙa cika su.

"Rana dai irin wadda muke da ita a Wudil?"

Abokina ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Ta gyara tiyon hancinta, sannan ta ce da ni, ba faɗa a muryarta, "To kai, me ya zaunar da ni a nan?"

Na fara kawo zancen asibiti da likitoci. Ta ɗaga hannu. "Tunda na zo, sallamar wa na ji a ƙofar nan ban da taka da ta wannan yaron kirki? An yi suna a gidan ƙanenka, a waya na ga jaririyar. Ƙawata ta rasu, ban je na zauna da 'ya'yanta ba. Na yi shiru ne don na ga irin wahalar da kake yi a kaina. Numfashi kam ina yi. Amma ka mai da ni cikin mutane."

Zafi ya fara cika ɗakin, ba wanda ya tuna ya mayar da wutar.

Sabuwar shekara ta shigo, ko ƙyaftawa ƙwan lantarki bai yi ba. Da Basudanen ya dawo na ba shi labari, ya yi dariya har da riƙe bango. Ashe shekara ta dubu biyu da talatin da takwas yake nufi, ta Miladiyya, saura fiye da shekara ashirin, kuma ya ce masu abin tuni suna gyara. Na daɗe ina shan tsiya a wajen direbobi.

Likitan Inna bai so ba da farko. Daga baya ya amince, da sharaɗin a ajiye tukunyar iska a kusa da ita kullum, kuma a samu likitan da zai riƙa duba ta a Kano. Ƙanena ya sa sola a kan rufin ɗakinta. Ta koma, ta ƙara wasu shekaru masu kyau kafin Allah ya karɓi abarsa.

Har yau in na tuna, ba kuskuren jin da na yi ne ke tsaya mini a rai ba. Na yi makonni ina fargabar abin da ba zai zo ba, alhali abin da ke cin ta yana ɗaki guda da ni, kuma ban taɓa zama na tambaye ta ba. Ina ganin da yawanmu da ke waje haka muke yi wa iyayenmu: mu tanadi duk abin da zai tsawaita musu kwana, mu manta mu tambaye su inda suke so su yi kwanakin.

Satin farko da komawarta na kira ta. Hayaniyar mata ta cika wayar, wata na dariya, yaro na kuka. Da ƙyar na ji muryarta tana cewa, "Kai, ka kira anjima, ina da baƙi." Ta kashe. Ban taɓa jin daɗin a sallame ni ba kamar ranar.