Muna Kan Hanya

Shekarun baya, tun ina da ƙarfin da zan wuni a kan tarakta ban ji bayana ba, an yi wani abu a gidanmu na Gadarif wanda har yau in na tuna sai in yi dariya, wani lokaci kuma kunya ta kama ni.

A lokacin ina tuƙi a wani mashru'i kudu da gari, irin manyan gonakin nan na dawa da riɗi da hukuma ke yanka wa 'yan kasuwa. Da damina muna daji, baƙar laka ta riƙe mota ta riƙe mutum. In an gama girbi mu dawo gari. Ni kuwa ji nake duk unguwarmu babu wayayye kamata. Ina da agogo, Larabci a bakina ba gargada, kullum ina wurin mai shayi a bakin kasuwar hatsi ina yi wa direbobin lori sharhin siyasa. Ilimin nawa bai wuce abin da rediyo ta faɗa da safe ba, amma in ka ji ni sai ka rantse ni na rubuta mata.

Wanda bai san mutanenmu na nan ba, sai na ɗan yi masa bayani. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, mahaifina yana ƙaramin yaro. Su yi noma nan shekara biyu, su yi ƙwadago can shekara uku, har suka iso Gadarif, a nan ciwo ya kwantar da kakan nawa. Kafin ya cika ya kama hannun mahaifina ya ce kada ya kwance niyya. Shi ke nan. Mahaifina ya girma, ya yi aure, ya haife mu, gemu ya yi fari, amma bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Bukkar ciyawa mai tsini, wadda ake kira guttiya, da dangar kara, su ne gidanmu. Ko bishiya bai yarda a dasa ba, wai mai wucewa ba ya dashe. Tafiyar kuma ba ta yiwu ba. Bana riɗi ya zube, baɗi an yi haihuwa, daga baya hanya ta koma ta takardu. Amma ka tambaye shi ko ya zauna ke nan, amsarsa ɗaya ce: muna kan hanya, in Allah ya yarda. Kuma ba shi kaɗai ba, kusan duk tsofaffin unguwarmu haka suke amsawa.

To, wata shekara bayan girbi sai labari ya zo cewa hukumar gari za ta tsara unguwarmu, a fitar da tituna. Za a turo lajna, wato kwamiti, gida gida. Wanda aka tabbatar mazauni ne, a shafa lamba a ƙofarsa, filinsa ya zama nasa. Wanda aka rubuta mai wucewa, a kwashe shi zuwa wani fili can bayan kwari, inda ko masu sayar da ruwa a jaki sai sun ga dama suke zuwa. Wanda ya san ƙishirwar Gadarif ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga mahaifiyata kuwa abin ya fi haka. A ƙofar gidan nan take sayar da kunun gero ga 'yan ƙwadagon da ke jiran lorin gonaki, maƙwabtanta na shekara da shekaru duk suna nan, ƙafarta kuma ta fara ciwo. In aka kai ta bayan kwari, an gama da ita.

Kwana uku na yi ina koya wa mahaifina abin da zai faɗa. Baba, in sun tambaye ka, ka ce kai mazauni ne, kalma ɗaya ce. Ya ce to. Na sake, ya ce to. Ni da wayona ban tuna cewa "to" ɗin tsofaffinmu sallama ce ba, ba amincewa ba. Abokina da muke tuƙi tare ya fi ni sanin hali. Tun ana saura kwana biyu ya ɗora nasa tsohon a lori ya tura shi garin Mafaza gaida 'yan uwa, ya tsaya a madadinsa.

Ranar, 'yan lajna suka iso da hantsi, su uku. Ɗaya da gwangwanin fenti, ɗaya da babban littafi, sai shugabansu, wani afandi, wato ma'aikacin gwamnati, mai tabarau. Mahaifina na zaune a rumfa a kan buzunsa yana ɗinkin hula. Afandi ya yi sallama, ya tambaya da Larabci shekara nawa muke a nan, kuma zama muke ko wucewa. Nan na yi tsalle na shiga tsakani, na ce tsohon ba ya jin Larabci sosai, ni zan fassara. Ku ji ƙarya. Mutumin da ya koya mini baƙi da wasali.

Mahaifina ya dube ni ya ce da Hausa, "Gaya masa mu baƙi ne, muna kan hanyar ɗakin Allah."

Na juya na ce wa afandi, ya ce shekararmu ta fi arba'in a nan kuma ba inda za mu. Har na fara jin daɗin kaina. Sai tsohon ya soke allura a jikin hular, ya ɗaga kai, ya yi magana da Larabcin da ya fi nawa tsabta.

"Afandi, ɗana ya ƙara gishiri. Shekarun gaskiya ne. Amma zama, ban zauna ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Afandin nan ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya yi murmushi, ya ce wa mahaifina ya yi tunani da kyau, takardar nan gurbi biyu gare ta, mazauni ko mai wucewa, babu na uku. Sau biyu yana maimaitawa. Tsohon ya ce ya gode, amma ba zai faɗi abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Mai littafi ya ja alƙalami, mai fenti ya ɗauki gwangwaninsa suka shiga gidan gaba.

Abin da na yi bayan fitarsu shi ne abin da na fi jin kunya a rayuwata. Na tsaya a kansa na ce, "Shekara arba'in kana kan hanya, ko tashar lori ba ka wuce ba." Ya dube ni. Sannan ya ce Allah ya yi mini albarka, ya zare allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyata tana bakin murhu tana tace gero, ta ji komai.

Washegari na kama zirga-zirgar ofis. Kwana huɗu ina layi a rana, agogon nan nawa yana ta nuna mini lokacin da nake ɓatawa. Da na samu ganin afandi ya ce abu mai sauƙi ne, in kawo tsohon ya faɗa da bakinsa cewa ya zauna, a gyara, amma kafin Alhamis, don ranar za a rufe littafi. Na koma gida na durƙusa, na ba da haƙuri a kan maganar da na yi, na roƙe shi. Na kawo masa maganar ciwon ƙafar Inna, na kawo masa ta ruwa, na kawo masa ta ƙannena mata. Ya saurare ni har na gama.

"Magana ce na karɓa a hannun mamaci," ya ce. "Wa zan mayar wa?"

Na tashi na tafi wurin mai shayi, ranar ko sharhin siyasa ban yi ba.

Laraba da safe sai ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya sauka daga lorin Mafaza da ƙura har gira. Ashe tun ranar da lajna ta zo Inna ta ba wani direba saƙo, ba wanda ta gaya wa. Na ga ta fito da tob ɗinta na zuwa biki, babban mayafin nan na matan ƙasar, ta yafa, ta ce in sa takalmina. Matar da ba ta taɓa taka ofishin hukuma ba. Kafin mu fita ta je rumfa ta durƙusa a gefen buzun mahaifina.

"Malam, zan je in ce gidan nawa ne."

A wurinmu a ce gida na mace ne alhali mijinta na raye, abin magana ne, har jikoki sai an yi musu gori. Na zaci zai hana. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Matafiyi ai a gidan mutane yake sauka. Je ki."

A ofis na shirya zan yi mata fassara, ta ɗaga mini hannu, wai wadda na yi rannan ta isa. Ta tsaya gaban teburin afandi da Larabcinta na kasuwa ta ce an haife ta a Mafaza, a can aka binne cibiyarta, ga ƙaninta shaida, ga takardarsa ta ɗan ƙasa.

"Ni ban yi wa kowa alkawarin tafiya ba," ta ce. "Tsohon nan baƙona ne. Ya sauka a wurina, ya daɗe, ban kore shi ba. In shi zai wuce, ni ina nan."

Afandi ya cire tabarau ya yi dariya har da share ido. Ya tambayi kawu wasu abubuwa, ya sa shi ya rantse, ya kira mai littafi. Aka ja layi a kan sunan mahaifina aka rubuta nata, ta dangwala yatsa. Da muka fito ta ce in nemo mata ruwa. Ranar Alhamis mai fenti ya dawo ya shafa lamba a kan kwanon da muke rufe ƙofa da shi.

Gorin kuwa an yi shi. Abokan mahaifina a masallaci suka riƙa tambayarsa yaya masu masaukinsa, ko ana ba shi abinci a kan lokaci. Ya ce alhamdu lillahi, mutanen kirki ne. Amma ba kowa ya samu irin wannan mafita ba. Tsofaffi biyu a layinmu, ɗaya matarsa ta rasu, ɗaya kuma ya ƙi yarda a rubuta sunan tasa, an kwashe su da iyalansu zuwa bayan kwari. Na taimaka wajen ɗora jinkar ɗayan a kan lori, kuma ban ji daɗin lambar ƙofarmu ba a ranar.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne wannan. Mai mashru'in da nake yi wa tuƙi a Khartum yake zaune. Sau biyu yake zuwa a shekara, lokacin shuka da lokacin awo, ko kwana ba ya yi in ba dole ba. An ba shi ƙasar da in ka tsaya a wannan gefe ba ka hango wancan, kuma ban ji an tambaye shi ko zama yake ko wucewa ba. Mutanen da suka sare dajin, suka yanke riɗin da hannu shekara da shekaru, su ne ake bi da littafi a ƙofar bukka. Gwamnatoci sun zo sun tafi a idona, masu kaki da masu jallabiya, kowa da jawabinsa a rediyo, amma tambayar da ake yi wa mutanenmu a ofis ba ta canja ba: asalinku ina ne? Jikokina ma an yi musu ita.

Ni kuma na rage surutu a wurin mai shayi, ko da yake matata za ta ce ba a ga alama ba. Na ɗauka wayo shi ne ka iya ƙarya da Larabci mai kyau. Mutum biyu a gidanmu ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma gidan ya tsaya. Ni kaɗai na yi, ni kaɗai na ji kunya.

Daga baya na gina wa mahaifiyata ɗaki biyu na jan bulo. Mahaifina bai taɓa kwana a ciki ba, yana guttiyarsa, duk shekara biyu mu sake mata ciyawa. Ta dasa darbejiya a tsakar gida, da ta yi inuwa ya mayar da buzunsa can, ya ce ai ta masu gida ce. Haka ya ƙara shekara goma sha ɗaya. Makka dai bai je ba. Shekarar da muka haɗa masa takardu, ƙafafunsa sun riga sun daina ɗaukarsa.

Ya rasu wata ranar Talata bayan la'asar, lokacin yankan riɗi. An aiko mini gona na iso da azahar, na same shi a kwance, Inna na zaune a gefensa tana yi masa fifita. Ya yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya kansa wajenta, da ƙyar muryar ke fita.

"Na gode da masauki."

Ta ajiye maficin, ta gyara masa mayafi.

"Allah ya kai ka lafiya, Malam."

Bayan ya cika ta tashi ta fita tsakar gida ta ɗora ruwa a wuta, don mutane za su fara zuwa.