Yariman Rasha da Askar Wanzami

Shekarar da ɗana ya cika bakwai, aikatau nake yi a gidan wata likitar yara a unguwar Suwaidi, a ƙasar Larabawa. A ɗakin karatunta akwai tsofaffin hotuna uku marasa launi da nake gogewa kullum, duk na yaro ɗaya: ga shi da kayan sojan ruwa, ga wani ƙato ya ɗauke shi alhali ya wuce ɗauka, ga shi kwance uwarsa a bakin gado. Ni duk zatona kakanta ne.

Da na tambaya sai ta yi dariya, ta ce ɗan sarkin Rasha ne na zamanin da, mai jiran gado. Jininsa ba ya tsayawa. Tuntuɓe kawai zai yi, gwiwa ta kumbura, ya kwanta makonni. Ta wajen uwa ake gadon cutar, kuma maza take kamawa.

Ƙanena kwana biyu ya yi bayan kaciya ya rasu, jini ya ƙi tsayawa, aka ce mayu ne. Ɗana kuwa, da ya yi famfara sai da muka kwana uku muna canza auduga. Likita ta sa aka gwada shi. Cutar ce.

Hutun makaranta na zuwa, yayan mijina ya tara yaran dangi a gidansa a unguwar Shumaisi, ya kira wanzami a yi musu kaciya. Na miƙa masa takardar asibiti, ko buɗewa bai yi ba.

"Mu ma haka aka yi mana, ga mu da ranmu. Halas, magana ta ƙare, kawo shi."

"Yaya, ka yi haƙuri, aska ba za ta taɓa shi ba."

"Ubansa na zaune kike yanke hukunci?"

Uban nasa kuwa ya duƙufa yana latsa waya. Haushinsa ya fi na kowa kama ni.

Na ce, "Ni na wanke tabarmar da ƙanena ya cika a kai, Yaya. Ba zan wanke ta biyu ba."

Na ja hannun ɗana muka fita, na tare tasi. Wata shida matan gidan ba sa amsa gaisuwata, wai na bi maganar boko na kunyata dangi. Ko a jikina, an tsikari kakkausa. Daga baya a asibiti aka yi wa ɗana kaciyar, da allurar tsayar da jini kafin da bayan aikin.

Da na koma aiki na tambayi likita ko yariman ya yi sarautar. Ta ce ina, yana shekara goma sha uku aka harbe shi tare da iyayensa.

Na daɗe a gaban hoto na uku ina kallon uwar, tausayinta ya cika ni. Ta tsare shi daga tuntuɓe, masu bindiga suka fi ƙarfinta. Nawa mutanen, aska kawai suka riƙo, kuma ban ba su ɗana ba.